Forfen gida na ƙarewa da wuri: firoksi zai nuna mini mai cinye shi?

Wani magidanci daga unguwar Yantala a Yamai ya rubuto. Yana da akwatin Wi-Fi mai SIM a gida, da akwatin Android na kallon tele da ya sayo a kasuwa, da kamara a ƙofar gida, da wayoyin iyali. Forfen intanet da a da yake kai shi ƙarshen wata, yanzu ba ya rufa mako biyu. Wani ya ce masa in ya kafa firoksi, wato manhajar da ke tsayawa tsakanin na'ura da intanet, irin wanda na'ura ba ta ma san ya shiga tsakani ba, zai ga duk abin da ke fita daga gidan. Yana da tsohuwar kwamfutar hannu da ba ya aiki da ita. Tambayarsa ita ce yaya ake kafawa, kuma da gaske zai ga komai, har WhatsApp na yara?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Wanda ya ba ka shawarar nan ya faɗi rabin gaskiya. Ana kafawa, tsohuwar kwamfutar taka ma ta isa, amma wannan "komai" ka cire shi daga ranka tun yanzu. Abin da za ka samu cikin sauƙi shi ne: wace na'ura ke magana, da wa take magana, a wane lokaci, kuma mega nawa ta kwashe. Abin da take faɗa a ciki kuwa, mafi yawansa a kulle zai wuce ta gabanka. Ka dubi ɗan duwan da ke tsaye a bakin hanya: yana ganin lambar babbar mota, da inda ta fito, da inda za ta, yana iya auna nauyinta, amma kwantenar an buga mata dalma tun daga tashar ruwa. To damuwarka ta forfe, lambar mota da nauyin kaya sun isa su warware ta.

Kusan duk shafi da manhaja a yau da HTTPS suke aiki, wato maganar a kulle take da tsarin TLS daga na'urarka har zuwa sabar da take nema, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin ko manhajar. Firoksin da kake tambaya a kai yana zaune ne a kan hanyar da dole na'urar ta bi. In kamara ta ce za ta ƙofa ta 443 (lambar mashigar HTTPS) ta wata saba, sai Linux, tsarin da za ka saka wa kwamfutar, ya karkatar da haɗin zuwa ga firoksin ba tare da ya gaya mata ba. Firoksin ya tambayi Linux ina aka nufa tun farko, ya leƙa gaisuwar farko da na'urar ta aiko, wadda a cikinta sunan sabar yake a fili (shi ake kira SNI), ya kira sabar ta gaskiya da kansa, sannan ya ƙirƙiro takardar shaida ta jabu mai ɗauke da sunan sabar ya miƙa wa na'urar. In ta karɓa, ka ga cikin maganar. In ta ƙi, haɗin ya yanke. Duk aikin a kan wannan karɓa ko ƙi yake juyawa, kuma zan dawo kansa.

Matsala ta farko ita ce wurin zama. Akwatunan 4G da kamfanonin sadarwa suke sayarwa, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani, yawanci ba su ba ka damar karkatar da zirga-zirga a cikinsu, don haka kwamfutar ce za ta zama hanya. Ka saka mata Linux, Ubuntu ko Debian duk ɗaya, ka haɗa ta da akwatin ta kebul, sannan ka sa ta fitar da nata Wi-Fi:

nmcli device wifi hotspot ifname wlan0 band bg ssid gwaji password kodinka123

Sunan katin Wi-Fi naka zai iya zama wani abu kamar wlp2s0, umarnin ip link zai nuna maka. Na sa band bg da gangan, domin ƙananan kamarori da yawa ba su san 5 GHz ba, 2.4 kawai suke gani. Kwamfutar za ta ɗauki adireshin 10.42.0.1, ta raba wa duk wanda ya shigo nasa. Sai ka cire na'ura guda daga Wi-Fi na gida ka mayar da ita kan "gwaji". Guda ɗaya, Alhaji. In ka kwaso gidan duka a lokaci ɗaya, layukan da za su riƙa zubowa a allo ba za ka iya bambance na wa da na wa ba, ga kuma uwargida za ta zo tana tambayar me ya sami rezo.

Akwai masu koyar da wata dabara da ake yaudarar na'urorin gida da saƙonnin ARP na ƙarya don su ɗauka kwamfutarka ce akwatin Wi-Fi. Tana aiki, amma tana hargitsa rezon kowa, kuma dabarar mai shiga gidan wani ce. Kai gidanka ne, kod ɗin yana hannunka, ba ka da buƙatarta.

Kafin ka taɓa firoksi, ka fara da saurare zalla. Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ya fi ba da amsa:

sudo tcpdump -i wlan0 -s 600 -w akwati.pcap

Lambar 600 tana nufin a ajiye farkon kowane ƙunshi kaɗai, don kada bidiyo ya cika maka faifai. Ka bar shi ya kwana yana aiki, akwatin tele a kan "gwaji", a kunne amma ba mai kallo. Da safe ka buɗe fayil ɗin da manhajar Wireshark, ka shiga Statistics, ka zaɓi Conversations, ka jera bisa yawan abin da aka aika. A wurin tacewa ka rubuta dns ka ga sunayen da na'urar ta nema, sannan ka rubuta tls.handshake.extensions_server_name ka ga sunayen da ta gaisa da su.

Akwati mai lafiya da ba a kallonsa, ɗan motsi kaɗan yake yi cikin dare: ya daidaita agogo, ya leƙa ko akwai sabuntawa, ya taɓa sabobin Google, shi ke nan. Wanda ba shi da lafiya za ka gane shi ba sai an gaya maka ba. Ƙarfe uku na dare, gida duk an yi barci, shi kuwa yana neman ɗaruruwan sunaye da ba su da alaƙa da juna, shagunan saye da sayarwa na ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, sabobin talla, shafukan shiga asusu. Kuma ka lura da ma'auni: mai kallon fim saukewa yake yi, abin da yake aikawa ɗan kaɗan ne. In ka ga abin da akwatin ya aika ya kusa kai abin da ya sauke, to kayan wasu ne ke shigowa ta gidanka suna fita. An mayar da layinka hanyar haya, wani a wata ƙasa yana biyan kuɗi don ya bayyana a intanet kamar yana zaune a Yamai, kai kuma kana biyan forfen.

Ba tatsuniya ba ce. A farkon 2023 wani mai bincike ya bayyana cewa ya sayi akwati samfurin T95 ya tarar da muguwar manhaja a cikinsa tun daga kwali, kafin ya saka masa komai. A cikin shekarar kamfanin tsaro na Human Security ya fitar da rahoto a kan abin da ya kira BADBOX, kuma a watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan zubi na biyu, wanda ya shafi akwatunan tele masu araha da majigi da sauran na'urorin Android marasa sanannen suna. Irin waɗannan kaya, masu alkawarin tashoshi dubu kyauta, su ne suka cika kasuwanninmu. Shi ya sa a cikin na'urorin da ka lissafa, akwatin nan nake fara zargi.

Kamara kuma lissafinta a fili yake. In tana tura hoto zuwa sabar kamfaninta ba tsayawa a kan megabit 1 a daƙiƙa, mega 450 ke nan a awa, jiga 10.8 a yini da kwana. Wasu suna turawa ne kawai in an buɗe manhajar ko in sun ga motsi, amma kamarar da ke kallon titi a Yamai, tsakanin babura da awaki da yara, yaushe za ta rasa motsi? Ka duba cikin manhajarta ko an kunna ajiya a sabar kamfani.

In bayan wannan har yanzu kana son leƙa ciki, ga firoksin. Wanda nake ba da shawara shi ne mitmproxy. Kyauta ne, kuma yana zuwa da mitmweb mai nuna komai a shafin burauza. Squid ma yana iya aikin, tsohon hannu ne tun 1996, amma an gina shi ne don ofis mai ma'aikata da yawa, saitinsa zai cinye maka yini. Ka karkatar da ƙofofi biyu:

sudo iptables -t nat -A PREROUTING -i wlan0 -p tcp --dport 80 -j REDIRECT --to-port 8080
sudo iptables -t nat -A PREROUTING -i wlan0 -p tcp --dport 443 -j REDIRECT --to-port 8080

sannan ka tayar da shi:

mitmweb --mode transparent --showhost --set stream_large_bodies=1m

Allon yana 127.0.0.1:8081 a burauzar kwamfutar. Kashi na ƙarshe na umarnin yana hana shi riƙe manyan fayiloli a ƙwaƙwalwa, in ba haka ba bidiyo ɗaya ya isa ya durƙusar da tsohuwar kwamfuta.

Yanzu ramukan da kaya ke zurarewa. YouTube da Chrome da manhajoji da dama sun koma wani tsari mai suna QUIC, wanda aka daidaita a 2021, kuma shi a kan hanyar aika bayanai ta UDP yake tafiya, ba ta TCP ba. Dokokin nan biyu na sama ba su ganinsa sam. Sai ka toshe shi, manhajar za ta koma tsohuwar hanya da kanta:

sudo iptables -I FORWARD -i wlan0 -p udp --dport 443 -j REJECT

In layinka yana ba da IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, sai ka maimaita dokokin da ip6tables ko ka kashe shi a kan "gwaji". Sannan na'urori da yawa ba harshen shafukan intanet suke yi ba kwata-kwata. Kamarori suna son UDP a ƙofofin da suka ga dama, ko RTSP a 554. Fitilu da soket masu Wi-Fi suna son MQTT a 1883 ko 8883. Firoksin da ke gadin 80 da 443 zai zauna shiru kamar ba abin da ke faruwa, alhali kamara tana ta kwarara ta gefensa. Kar shirunsa ya ruɗe ka, ka bar tcpdump yana tafiya tare da shi.

To, mu koma kan takardar jabu. Karon farko kada ka saka wa na'urar takardar amincewa ta mitmproxy. Ka bar ta haka, ka kunna ta, ka zuba ido. Abu uku ne za su iya faruwa.

Wani abin za ka gan shi a buɗe tun asali, ta ƙofa ta 80, ba kulle ba komai. Ka karanta shi a hankali. A nan ake tarar da lambar na'ura, da sunan Wi-Fi na gida, wani lokaci har da adireshin da take sauko da sabuntawa. Na'urar da ke karɓar sabuwar manhaja ta hanyar da ba a kulle ba, in ba ta duba sa hannun kamfani a kan fayil ɗin, duk wanda ke kan hanya zai iya musanya mata shi.

Ko kuma ka ga jan rubutu yana cewa na'urar "does not trust the proxy's certificate", manhajar ta tsaya tana juyi. Mutane da yawa a nan suke cewa aikin ya lalace, su fara neman yadda za su gyara. Ba abin da ya lalace. Na'urar ta duba takardar, ta ga ba wata hukuma da ta sani ce ta sa hannu ba, ta juya baya. Haka ya kamata ta yi, kuma abin da za ta yi wa ɓarawo ke nan ranar da ya tsaya inda ka tsaya.

Na uku shi ne abin tsoro, kuma shi ne yake sa mai gwaji murna. Ba ka saka komai ba, amma ga maganar HTTPS ta baje a allo, kana karanta ta layi-layi. Wannan na'ura ba ta duba takarda ko kaɗan, duk wanda ya miƙa mata takarda ta karɓa. In kamarar ƙofar gidanka ce, to abin da ka gani yau, kowa da ya samu shiga tsakaninta da sabarta zai gani, har da sunan asusu da kalmar sirri in ta wannan hanya take aika su. A ganina wannan gwaji shi ne babban amfanin firoksi a gida, ya fi karatun abin da ke ciki daraja nesa ba kusa ba.

Waya kuma daban ce, domin ita kana iya saka mata takardar da hannunka. Tana kan "gwaji", ka buɗe mitm.it a burauza, ka sauke ta, ka girka ta cikin saitin tsaro. A iPhone sai ka ƙara shiga saiti ka kunna cikakkiyar amincewa da ita. Bayan haka Chrome zai nuna maka shafukansa. Amma tun Android 7, wanda ya fito a 2016, manhajoji sun daina yarda da takardar da mai waya ya saka, sai wadda ta zo tare da tsarin, in ba mai manhajar ne ya ba da izini a cikinta ba. A kan wannan kuma manhajojin banki da na tura kuɗi da manyan dandalin zumunta da yawa sun haddace ainihin takardar sabarsu, ko ta tsarin ce ba su karɓa in ba ita ba. Akwai hanyoyin fasa wannan, da buɗe tushen waya (root) da sauya manhaja, amma aikin mai bincike ne a kan wayar gwaji. Kar ka yi shi a kan wayar da kake tura kuɗi da ita.

WhatsApp kuwa amsar a'a ce, kuma ba don kwamfutarka ta tsufa ba. Tun Afrilun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, mabuɗan suna cikin wayoyin biyu, sabar kamfanin da kanta ba ta karanta su. Ko ka fasa kullen waje, wani kullen za ka tarar a ciki. Iyakar abin da za ka sani shi ne wayar wane ta yi hulɗa da WhatsApp ƙarfe kaza, ta ci mega kaza.

Tunda ka ambaci yara, bari in faɗi ra'ayina. Binciken akwatin tele da kamara hakkinka ne, kayanka ne, kuɗinka suke ci. Wayar uwargida, da ta ɗan da ya girma, da ta baƙo ko maƙwabcin da ka ba kod, wannan wata magana ce. Ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane ba ta ware na waya ba, kuma dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta haramta tare bayanan wani ba da izini ba. In ƙananan yara ne kake jin tsoron abin da suke kallo, tace sunaye ya fi maka amfani: ka kafa manhajar Pi-hole mai yin wannan aiki ko ka sa DNS mai tace shafukan batsa a akwatin Wi-Fi, ka gaya musu ka sa. Sai dai ka sani tun Android 9 akwai saitin DNS na sirri da ke bi ta ƙofa ta 853, yaro mai wayo zai iya zagaye ka da shi, shi ya sa saitin kula da yara a cikin wayar kanta ya fi riƙewa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ranar da ka fara tayar da mitmproxy yana ƙirƙirar mabuɗin sirri ya ajiye a babban fayil mai suna .mitmproxy a cikin kwamfutar. Duk wayar da ka saka wa takardar, burauzarta ta amince da duk abin da mabuɗin nan ya sa wa hannu, ko shafin banki ne. In kwamfutar ta ɓace, ko ka kai ta gyara, ko ka ba wani ɗan'uwa, mabuɗin ya tafi tare da ita. A 2015 an gano kamfanin Lenovo ya sayar da kwamfutoci ɗauke da wata manhajar talla, Superfish, mai yin irin wannan aiki da mabuɗi iri ɗaya a cikin dukkansu, kuma ba a daɗe ba aka zaro mabuɗin aka baza. Don haka kana gama gwaji ka cire takardar daga wayar, ka goge babban fayil ɗin.

Kar kuma ka bar wannan tsari ya zama hanyar gidan ta dindindin. Kwamfutar hannu tana da fa'ida guda a garinmu, batirinta yana riƙe ta in an ɗauke wuta, saɓanin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da katinta ke iya lalacewa in wuta ta yanke tana cikin rubutu. Amma tsohuwar kwamfuta a zafin Afrilu da Mayu, da ƙura a cikin fankarta, ba za ta jure dare da rana ba. Ka ɗora ta a wuri mai iska, ka hana ta barci in an rufe murfi. Sannan ga wani tarko: ƙananan na'urori da yawa ba su da batirin agogo, in wuta ta dawo suna farkawa ba su san ranar da ake ciki ba, sai sun tambayi sabar lokaci ta UDP 123. In ka toshe wannan ƙofa cikin zafin toshe-toshe, za su ƙi kowace takarda, har ta gaskiya, domin a wurinsu kwanan watanta bai zo ba tukuna. Sai ka ɗauka na'urar tana da tsaro, alhali agogonta ne ya ɓace.

In bincike ya nuna kamara ce, ka rage ingancin hoton, ka kashe ajiyar waje, ka sa mata katin ajiya, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Da irin waɗannan kalmomin na kamfani muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kamarori da na'urorin ɗaukar hoto a 2016. In ta faɗa kashi na uku, mai karɓar kowace takarda, ka nemi sabuntawa daga kamfaninta, in babu ka hana ta fita intanet, ka riƙa kallonta daga cikin gida kawai.

In kuwa akwatin tele ne, kar ka ɓata lokaci da mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, domin a irin su BADBOX cutar tana cikin ainihin tsarin da ya zo da shi, tana dawowa bayan gogewa. Toshe sunayen da ka gani ma ba ya daɗewa, suna sauya su. Ka cire shi daga rezo, ka canza kalmar sirrin duk asusun da ka taɓa shiga a kansa, na Google musamman. In za ka sayi wani, ka buɗe Play Store tun a shago, ka shiga saiti, ka duba ko an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect, sannan ka kawo shi gida ka kwana da shi a kan "gwaji" kafin ka ba shi kod ɗin gida.